Yadda ake saita keken tseren daji mai shokazoba gaba da baya, da yadda ake tuƙa shi a turba

Wanda ya saba da keken da ba shi da shokazoba a baya, ranar da ya fara hawa mai shokazoba gaba da baya, abin da zai fara ji shi ne kamar keken ba ya sauri. Gargadar da ta saba dukan hannuwansa da ƙugunsa ta lafa, tayar baya ta daina tsalle, sai zuciyarsa ta raya masa cewa ƙarfin ƙafarsa yana zurarewa cikin shokazobar. Idan aka duba agogo a turba mai duwatsu da saiwoyi, sau da yawa akasin haka ake gani. Dalili kuwa shi ne ba don hutun mazaunai aka sa wa wannan keke shokazoba ba. Babban aikinta shi ne ta riƙe taya manne da ƙasa, domin tayar da ta tashi sama ba ta tura keke, ba ta kama birki, ba ta kuma shan kwana. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan magana ya ginu.

Keken da ake nufi a nan shi ne na tseren ƙetare daji, wanda ake zagaya fili mai hawa da gangara da shi, zagaye ɗaya bai cika wuce kilomita 4 zuwa 6 ba, tseren kuma ya kan ɗauki kimanin awa ɗaya da rabi. An yi gasar duniya ta farko a Durango ta ƙasar Amurka a 1990, inda Ned Overend ya yi nasara, wasan kuma ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996. A wancan zamani mai shokazoba a baya abin kallo ne, saboda nauyi da kuma yadda yake lilo a ƙarƙashin mai taka feda. Da filayen tsere suka ƙara tsanani, aka riƙa shimfiɗa musu tarin duwatsu da wuraren dira, sai lissafi ya juya. Nino Schurter na ƙasar Suwizalan, wanda ya ci gasar duniya sau 10 ya kuma ɗauki zinare a Olamfik na Rio a 2016, ya yi shekaru yana tsere a kan keken Scott Spark mai shokazoba biyu. A yau irin wannan keke yana da tayoyi masu inci 29, shokazobarsa tana barin taya ta motsa sama da ƙasa milimita 100 zuwa 120, nauyinsa kuma tsakanin kilo 10 ne da 12.

Ya kamata a raba shi da wani keke da ya cika kasuwanni, mai katon sifirin a tsakiya wanda ake sayarwa da arha. Wancan sifirin ne kawai, babu mai a cikinsa da zai rage masa gudu, saboda haka duk abin da ya haɗiya sai ya amayar da shi da ƙarfin da ya karɓa. Shokazobar keken da ake nufi a nan abu biyu ce a haɗe: iska da aka matse wadda ke ɗaukar nauyi, da mai da ke bi ta ƙananan kafofi yana hana motsin wuce gona da iri. Idan keke ba shi da bawul ɗin iska da maɓallin da ake murzawa a jikin shokazobarsa, to yawancin wannan bayani ba nasa ba ne.

Saiti kafin a taka feda

Abu na farko shi ne lotsawa, wato gwargwadon yadda shokazoba ke nutsewa idan mahayi ya zauna kawai bai motsa ba. Mutane da yawa suna ɗauka cewa lotsawa asara ce, sai su cika iska har keken ya sandare. Ba su lura ba cewa turba ba tudu kaɗai take da shi ba, tana da ramuka, kuma taya ba za ta iya miƙewa ta bi rami ba sai in an bar mata ragowar da za ta miƙe da ita. Wannan ragowa ita ce lotsawa. A shokazobar baya ana neman kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, a fok kuma, wato shokazobar gaba mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, kashi 15 zuwa 20.

Ga yadda ake aunawa. Ka sa kayan da za ka hau da su duka, har da takalmi da hular kwano da gorar ruwa a cike, ka buɗe makullin shokazoba, wato libar da ke sandarar da ita, gaba ɗaya, sannan ka jingina da bango ko ka sa wani ya riƙe maka kan keken. Ka hau ka danna keken sau uku ko huɗu don ya saki jiki, ka zauna daidai, ka tura ɗan zoben roba da ke jikin sandar shokazoba har ya taɓa bakinta, sa'an nan ka sauka a hankali ba tare da ka ƙara danna ta ba. Tazarar da zoben ya bari ita za ka auna da ma'auni. A nan ne ake yawan kuskure, domin ba da milimita 120 na motsin taya ake lissafi ba, da tsawon sandar shokazobar ake yi. Idan sandar milimita 45 ce, kamar yadda take a kekuna da yawa na wannan aji, kashi 25 ya kama milimita 11 da ɗan kai, kashi 30 kuma milimita 13 da rabi. Ka ga ke nan milimita biyu kacal ke raba keke mai tauri da keke mai laushi, shi ya sa ƙiyasin ido ba ya aiki. A fok kuwa lissafin kai tsaye ne: kashi 20 na milimita 120 shi ne 24, amma a tsaye a kan feda ake auna shi, nauyi yana kan hannuwa kamar yadda ake gangara.

Famfon taya ba ya wannan aiki. Akwai ƙaramin famfo na musamman mai agogo wanda ke kai psi 300 (psi ma'aunin matsin iska ne), kuma duk wanda ya sayi keken bai saye shi ba, ya sayi doki ne babu linzami. Kamfanonin Fox da RockShox, masu ƙera shokazoba, suna manna jadawalin iska gwargwadon nauyin mahayi a ƙafar fok, da shi ake farawa, daga nan sai a bi abin da zobe ya nuna. Idan kana ƙara iska mai yawa, ka riƙa tsayawa kana danna shokazobar sau da dama, saboda a cikinta akwai ɗaki na biyu da ke buƙatar iska ta ratsa ta daidaita, in ba haka ba agogo zai nuna maka adadin da ba shi ne na gaskiya ba. Ɗan hucin da ake ji lokacin kwance famfo daga tiyo yake fita, ba daga shokazoba ba, don haka kada ka ƙara wani abu saboda shi.

Bayan lotsawa sai dawowa, wato saurin da shokazoba ke miƙewa bayan an danne ta. Jan maɓalli ne ke kula da ita a yawancin kekuna, kuma RockShox ta zana masa zomo a gefe ɗaya da kunkuru a ɗayan, wanda ya wadatar a matsayin bayani. Idan dawowa ta yi sauri, keken zai riƙa harbin mahayi daga baya kamar jaki, musamman bayan dira. Idan ta yi nawa, illar ta fi ɓuya: shokazoba ba ta gama miƙewa daga dutse na farko ba na biyu ya same ta, na uku ya ƙara nutsar da ita, kafin a je na biyar ba ta da sauran wurin motsi, sai keken ya yi tauri, mahayi kuma ya zaci iska ce ta yi yawa ya je ya rage, ya ƙara ɓata lamarin. Gwaji mai sauƙi shi ne ka sauko daga dakali mai tsawon taƙi ɗaya kana zaune a sirdi da gudun tafiyar ƙafa. Bayan keken ya kamata ya nutse, ya dawo, ya tsaya cak. In ya yi lilo sau biyu, ka murza ƙas ɗaya zuwa wajen kunkuru; in ya dawo a kasalance, ka nufi zomo. Ƙas ɗaya ake murzawa a lokaci guda, kuma abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, don a san abin da ya kawo bambanci. A nawa ganin, gara dawowa ta ɗan fi sauri da kaɗan a kan ta yi nawa, kuma gara fok ya ɗan riga baya dawowa, saboda keken da gabansa ke kwance bayansa na harbi shi ne ke jefa mutum ta saman kai.

Taya ita ce shokazoba ta farko, kuma iskar da masu faci suka saba durawa har sai taya ta yi kamar dutse tana rushe duk saitin da aka yi. Tayoyin wannan keke faɗinsu inci 2.25 zuwa 2.4 ne, kuma tubles ake sa su, da ruwan liƙi a ciki wanda ke toshe ƙananan huji da kansa. Mutum mai kilo 70 yana iya farawa da psi 20 zuwa 22 a gaba, 22 zuwa 24 a baya. Idan ka ji gargare yana bugun dutse, ko taya tana lanƙwashewa a kwana, ka ƙara psi ɗaya. Idan keken yana tsalle a kan tsakuwa yana zamewa, ka rage ɗaya. Ga wanda ke hawa inda tsidau da ƙayar aduwa suke, ruwan liƙi ba ado ba ne, sai dai zafi yana busar da shi da wuri, don haka a riƙa girgiza taya ana saurare, in ba a ji motsin ruwa ba a ƙara.

Kafin ka bar ƙofar gida ka tabbatar da hannun da ke kama birkin gaba. Kekunan da suka fito daga Ingila a hannun dama suke sa shi, kamar babur, na Amurka da yawancin Turai kuwa a hagu. Tunda kayan gwanjo daga ko'ina suke zuwa, kada ka yarda da sabo. Birkin faifai mai aiki da mai da yatsa ɗaya ake kama shi, saboda haka ka matsar da libar ciki har ɗan ali ya faɗa a kan ƙugiyar ƙarshenta, sauran yatsu huɗu kuma su riƙe kan keke.

A hawa

A hawan tudu mai gargada ne wannan keke yake biyan kuɗinsa, amma sai ga wanda ya yarda ya zauna. Mai keken da ba shi da shokazoba a baya dole ya riƙa ɗaga jiki a kan kowace saiwa, kuma duk ɗagawa tana katse masa bugun feda. Kai kuwa ka zauna, ka zaɓi giya mai sauƙi tun kafin hawan ya yi tsanani, ka riƙa juya ƙafa a zagaye cikin natsuwa, ka bar tayar baya ta riƙa haɗiye abin da ta tarar. Za ka ji ta tana cizon ƙasa a wurin da ka saba jin ta tana kartar tsakuwa a banza. Idan tudun ya miƙe har tayar gaba ta fara neman tashi, ka matso bakin sirdi, ka sunkuyar da ƙirji wajen kan keke, ka ja gwiwar hannu ƙasa da baya. Kada ka miƙe tsaye a nan, domin da zarar nauyi ya bar sirdi, tayar baya za ta zame, kuma sake tashi a tsakiyar tudu ya fi hawan wuya.

Lilon da ake tsoro yana nan, amma masu ƙera firam sun rage shi da dabara. Suna ajiye mahaɗar da baya ke juyawa a kanta a wurin da jan sarƙa da kansa zai riƙa hana shokazoba nutsewa, ta yadda duk lokacin da aka taka feda da ƙarfi keken ya kan ɗan taurara. Wannan dabara ta fi aiki ga mai zama da ke juya ƙafa sumul. Mai miƙewa yana tattaka feda da dukan nauyinsa kamar mai kirɓa sakwara, babu dabarar da za ta hana kekensa lilo, domin ba sarƙa ce ke danna shokazobar ba, jikinsa ne.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa wa sabon mahayi ba sai ya gamu da shi: idan shokazoba ta nutse, feda tana matsowa kusa da ƙasa. Dutsen da ka saba wucewa a kan wani keke yana iya kama fedarka a kan wannan, kuma bugun feda a hawa yana tsayar da mutum nan take, a gudu kuma yana kayarwa. Maganinsa ido ne da lokaci. Ka hango dutsen tun da nisa, in ka ga ƙafarka za ta sauko daidai kansa, ka ɗan dakata ko ka mayar da feda baya rabin zagaye, ka wuce, sannan ka ci gaba. Ga matakin dutse mai tsawon da ya kai rabin taya, ka ƙara gudu kafin ka iso, ka ɗaga gaba da bugun feda ɗaya mai ƙarfi, da zarar gaba ta hau ka tura jiki da kan keke gaba don baya ta yi sauƙi ta biyo.

Sai maganar makulli, ƙaramar libar da ke ƙarƙashin babban yatsa wadda ke sandarar da shokazoba. Wasu kekuna matsayi biyu gare su, buɗe da kulle. Wasu, kamar tsarin TwinLoc na Scott, uku ne, da na tsakiya mai rage motsi ba tare da kashe shi ba. Kamfanin kekuna na Specialized ya yi shekaru yana amfani da wani bawul mai suna Brain da ke buɗewa da kansa idan ƙasa ta bugi taya, yanzu kuma akwai masu batir irin Flight Attendant na RockShox da ke yanke shawara a madadin mahayi. Ko wanne ke gare ka, ƙa'idar ɗaya ce: kulle na kwalta ne, da hanyar marmara mai sumul, da 'yan daƙiƙun da za ka miƙe ka zabura. Da zarar taya ta fara karo da wani abu, ka buɗe, ko da hawa kake yi. Kulle yana sa mutum ya ji kamar yana sauri saboda jijjiga ta dawo, jijjiga kuwa ba gudu ba ce. Na taɓa gama wani dogon hawa a kulle na manta, na faɗa gangara mai duwatsu, ban gane ba sai da hannuwana suka mutu a tsakiyar hanya, har na fara zargin fok ɗin da lalacewa. Tun daga ranar, buɗe makulli da sauke sirdi suka zama mini motsi guda a duk kan tudu.

A gangara da kwana

Sirdi mai sauka, wanda ake danna liba a zauna a kansa ya nutse, ya shigo tseren ƙetare daji a makare saboda nauyinsa, amma yanzu da wuya a ga manyan 'yan tsere babu shi. Amfaninsa shi ne ya kau da sirdi daga tsakanin cinyoyi don jiki ya sami wurin motsi. A gangara ba a zama. Ka tsaya a kan feda, ƙafafu biyu a layi ɗaya, dunduniya ta ɗan yi ƙasa, gwiwoyi da gwiwar hannu a lanƙwashe, ƙugu a baya kaɗan, haɓa kuma daidai saman tsakiyar kan keke. Nauyinka a ƙafa yake, hannu riƙo kawai yake yi. Tsohuwar koyarwar da ke cewa a zame can bayan sirdi ta samo asali ne daga kekuna gajeru masu fok a tsaye. Na yanzu sun fi tsawo, kusurwar fok ɗinsu ta kwanta zuwa digiri 66 ko 67 ko kusa da haka, kuma idan aka gudu baya a kansu tayar gaba ce ke rasa nauyi ta daina riƙe ƙasa.

Kada mahayi ya ɗora wa shokazoba aikin da ba nata ba. Milimita 120 bai kai taƙi ɗaya ba, ƙafafu da hannuwan mutum kuwa suna iya lanƙwashewa ninkin haka sau da yawa. Shokazoba ta ƙananan bugu ce masu sauri da jiki ba zai iya bi ba, manyan kuma na gwiwa ne. Idan ka iso tarin duwatsu, ka rage gudu kafin ka shiga, ka zaɓi layi, ka saki birki, ka bar keken ya yi rawa a ƙarƙashinka kanka yana tsaye wuri ɗaya. Idonka ya kasance a mafita. Dutsen da ka zuba wa ido shi za ka buga, wannan kam babu mahayin da bai tabbatar da shi da fatarsa ba.

Birki yana canza surar keke mai shokazoba fiye da yadda ake zato. Idan ka kama na gaba da ƙarfi, fok yana nutsewa, gaba ta yi ƙasa, kusurwa ta miƙe, kuma rabin motsin da za a karɓi dutse da shi ya riga ya tafi. Shi ya sa ake kama birki a inda ƙasa take da ƙarfi kuma keke yake miƙe, a saki a inda take da gargada. Birkin gaba shi ne mai tsayar da keke, don haka kada tsoro ya sa ka guje shi. Ka kama su biyun tare, kana ƙara matsi sannu a hankali, kana nutsar da dunduniya don nauyi ya bi ta feda zuwa ƙasa. Jan tayar baya a kulle tana kartar ƙasa ba ya rage gudu sosai, yana cinye taya, yana kuma haƙa wa ruwan sama hanyar da zai zaizaye turbar.

A kwana, keke ake kwantarwa, jiki ya ɗan tsaya. Ka gama birki kafin ka shiga, ka sauke fedar waje idan kwanar shimfiɗaɗɗiya ce, ka miƙa hannun ciki don keken ya karkata har haƙoran gefen taya su shiga ƙasa, ka juya ƙugu da ido zuwa mafita. A nan ne za ka ji bambancin shokazobar baya ƙarara, domin a kwana mai ƙananan kunyoyi, inda keke mai sandararren baya ke tsalle yana zamewa waje, wannan yana bin ƙasa kamar an ɗaure shi. Idan ka danna feda da ƙafa biyu a tsakiyar kwanar, shokazoba za ta nutse, taya ta ƙara cizo, sa'an nan ta mayar maka da ƙarfin a mafita. Haka ma a ƙananan tudu da kwari: ka sassauta jiki a hawan, ka danna a gangaren, za ka ga gudu yana ƙaruwa ba ka taka feda ba. Yashi mai zurfi kaɗai ne bai san da shokazoba ba. A cikinsa sai ka koma baya kaɗan, ka sa giya mai sauƙi, ka ci gaba da juya ƙafa, kada kuma ka murɗa kan keke.

Laushin nan yana da yaudara. Saboda gargada ba ta isowa hannu, mutum ya kan shiga wuri da gudun da ya fi ƙarfin keken, ya manta cewa tayoyinsa marasa kauri ne, faifan birkinsa milimita 160 ne ko 180, ba kuma shi ne keken gangara mai motsin milimita 200 ba. Idan ka fara jin fok yana buga ƙarshensa da ƙara, baya kuma tana kaucewa hagu da dama, keken yana gaya maka cewa ka kai iyakarsa. Kuma ba kowace turba ce ke buƙatarsa ba: a Olamfik na Paris a 2024, Tom Pidcock ya ci zinaren maza a kan mai shokazoba biyu, Pauline Ferrand-Prévot kuwa ta ci na mata a fili ɗaya a kan mai sandararren baya, wanda ya fi sauƙin nauyi. Inda tazarar ta fi fitowa shi ne doguwar tafiya, irin tseren Cape Epic na Afirka ta Kudu da ake kwana takwas ana yi, inda gajiyar baya da hannu take taruwa kowace rana.

Bayan an dawo

Kafin ka wanke keken, ka dubi zoben roba na gaba da na baya, domin su ne shaidar abin da ya faru a hanya. Bayan tafiya mai tsanani ya kamata su kai kusa da ƙarshe. Idan sun tsaya a rabi alhali ka bi duwatsu, iska ta yi yawa. Idan lotsawa daidai take amma kullum kana buga ƙarshe, ba iska za ka ƙara ba, wasu 'yan ƙullutun roba ake sawa a cikin ɗakin iska, masu sa shokazoba ta ƙara tauri a ƙarshen motsinta ba tare da ta rasa laushin farko ba.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar wannan keke, ta hunturu kuwa da ke shiga ko'ina ta fi kowace. Ka goge sandunan fok da na shokazoba da tsumma mai laushi bayan kowace fita, kada ka shafa musu baƙin mai ko giris don suna tara ƙasa su mayar da ita kamar sanfefa, kada kuma ka kai keken wurin wankin mota a harba masa ruwa mai ƙarfi, saboda ruwan yana ratsa roba ya shiga boris. Mai ko kaɗan kada ya taɓa faifan birki. RockShox tana ba da shawarar a buɗe ƙafafun fok a canza mai duk bayan awa 50 na hawa, a yi babban gyara a awa 200, kuma mai hawa cikin ƙura bai kamata ya jira cikar adadin ba. Boris ɗin mahaɗun baya ana gwada su ta hanyar riƙe sirdi a ɗaga keken a hankali. In an ji ɗan ƙas kafin taya ta bar ƙasa, akwai noti da ya saki ko boris da ya cinye, kuma a firam na kabon da sufana mai auna ƙarfi ake ɗaure shi gwargwadon adadin da aka rubuta a jikinsa. Adadin iskar fok da ta shokazoba da ta tayoyi, da yawan ƙas ɗin da ka murza daga wajen kunkuru, ka rubuta su a takarda ka ajiye tare da famfo, domin bayan an buɗe shokazoba an yi mata gyara, da waɗannan lambobi za ka mayar da keken yadda ka san shi.